Allurar Mai da Ta Cinye Muryar Yayata

Ni mutumin Ƙofa ne, ta ƙasar Kusada. Ba zan faɗi sunana ba, don waɗanda suka san ni sun riga sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuwa babu abin da sunan zai ƙara masu. A gida Auta ake ce mani. Daga baya na samu wani suna, Likita, wanda ban yi karatunsa ba, ban kuma gaje shi ba, da sata na same shi. Da ku samari nake, musamman ku da ke aiki kusa da kayan da ba naku ba.

Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, yayata Dije ta riƙe ni. Da aka yi mata aure da Tanimu, wani manomi na nan garinmu, da ni ta tare, kamar ina cikin kayan ɗakinta. Tanimu mutum ne mai barkwanci, kullum yana tsokanata, wai an kawo mashi amarya da gyara. Bai taɓa nuna mani bambanci a kwanon tuwo ba, wannan zan faɗe shi ko a gaban wa.

Yaya Dije maguɗiya ce. In ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa guɗa, mutanen da ke gona sai sun ɗago kai daga noma. Murya ce siririya, mai tsawo, ba ta tsinkewa a hanya. Ba a kai amarya a Ƙofa sai da ita, ba a haihuwa a yi shiru, sai an aika mata. Har Bauranya da Tafashiya ana zuwa ɗaukarta a kan jaki, ta dawo da goro da hatsi, wani lokacin har da turmin zane. Da wannan muryar ta yi mani riga, da ita ta kai ni elementare a Kankiya har na iya haɗa baƙin boko. Ina so ku riƙe wannan, don duk labarin a kanta yake.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa na samu aikin lebura a wani asibiti a birni. Aikina shara, wanke kwanoni, da dafa allurai da sirinji na gilashi a tukunya kan risho. Wanda nake ƙarƙashinsa shi ne Malam Ilu, babban malamin asibiti, dattijo mai faɗa, amma in ka tambaye shi abu sai ya zauna ya warware maka shi. Ya ga ina da kai, sai ya riƙa barina in tsaya kusa in zai yi wa majinyaci allura. Alheri ya yi mani. Ni na juya alherin.

Satata ta farko ba ta kai a kira ta sata ba, ko kuwa haka na gaya wa kaina. Ƙananan kwalabe ne na magani da suka ƙare, za a zubar. Mata na son su don zuba kwalli da turare. Na kwashe na sayar, babu wanda ya tanka. Daga kwalabe na koma ga bandeji. Daga bandeji na koma ga ƙwayar ciwon kai. Ran da na soke sirinji guda da allurai a kubakar wandona na fita ta ƙofar asibiti, gabana bai ko faɗi ba, hannu ya riga ya saba.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar allura, wadda Likita Bature ne kaɗai ke ba da umarnin a yi ta. Ba kamar sauran ba ce masu kama da ruwa. Mai ne, fatsi-fatsi, cikin 'yar kwalbar gilashi mai siririn wuya da ake ɓallewa, yana da kauri har sai an yi haƙuri kafin sirinji ya zuƙe shi. Mu leburori muka raɗa mata suna allurar mai. Wanda na fara ganin an yi wa wani mahauci ne da aka yi wa aiki a ciki, ya rame har ana ƙidaya haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Bayan 'yan makonni mutumin nan ya kama ci kamar an sako shi daga horo, kumatu suka ciko, ya miƙe yana zagaya ɗakin majinyata yana ba mutane labarin shanu.

Na ce wa Malam Ilu, “Malam, wannan wace irin allura ce mai tayar da gawa?”

Ya ce, “Ka ga abin da ke sa yaro in ya balaga muryarsa ta buɗe, gemu ya tsiro, ƙwanji ya fito? To wani ruwa ne Allah ya sa a jikin namiji. Shi Turawa suka kwaikwaya. Sai suka ɗaure shi da wani sinadari suka narkar a cikin mai, don kada jiki ya shanye shi lokaci guda. In an soka can cikin tsokar ɗuwawu sai ya zauna, yana tsatsa cikin jini kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki. Shi ya sa ba kullum ake yin ta ba, kuma ba a kai ta jijiya.”

Ya ce ana yin ta ga wanda doguwar jinya ta cinye, ko wanda ya ƙone, ko tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, kuma ita ba abinci ba ce, tana taimaka wa jiki ne ya riƙe abin da aka ci ya gina tsoka da shi. In babu nama da nono da ƙwai, babu abin da za ta gina. Sannan ya nuna ni da yatsa, kamar ya san abin da ke raina.

“Amma ba a wasa da ita. Tana tara ruwa a jiki, mai ciwon zuciya ko ƙoda sai ta kumbura shi. Yaro in an yi mashi, ƙashinsa ya rufe da wuri, ya tsaya nan ba ƙarin tsawo. Mai ciki ba a kusantar ta da ita. Mace kuwa ko an yi mata, kaɗan ne, likita na tsaye a kanta yana sauraren muryarta. Da ya ji ta fara shaƙewa sai a tsaya. In aka zarce, haila ta ɗauke, gashi ya fito a haɓa, murya ta koma ta maza. Gashin ana iya dacewa ya ragu. Murya in ta tafi ta tafi ke nan.”

Da kunnuwana na ji wannan. Ban yi barci ba, ban sha komai ba, tsaye nake da tukunyar allurai a hannu. Daga baya a gaban alƙali na so in ce ban sani ba, amma na sani.

Satar allurar mai ba ta yi mani wuya ba. Gilashinta ba shi da ƙwari, yakan fashe a hanya, kuma in ya fashe sai a nuna wa Malam Ilu fasassun a zubar. Ni ke zubarwa. Sai na riƙa ɓoye fasassun, in an buɗe sabon kwali in ɗauke masu lafiya in zuba tsofaffin fasassu a madadinsu. Malam Ilu ya riƙa zagin direbobin da ke kawo kaya, ni kuwa ina taya shi.

A ƙarshen wata damina aka aiko mani cewa Yaya ba lafiya. Zazzaɓi ne da gudawa suka daɗe a jikinta. Ko da na iso, ciwon ya riga ya sake ta, rama ce kawai ta rage, awarwaro na zamewa daga hannunta. Abin da take bukata hutu ne da abinci mai kyau, kaka ta kusa, da an bar ta da ta murmure da kanta. Amma ni na zo da sirinji a aljihu, ina so a ga abin da Auta ya zama a birni.

Na ce, “Yaya, na zo maki da maganin da Turawa ke yi wa kansu.”

Ta ce, “Auta, ni tsoron allura nake.”

Tanimu ya yi dariya ya ce, “Ke da Allah ya ba likita a gida? Bari ya soka maki, in ya kashe ki ni da shi ne.”

Kafin in yi mata sai na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa irin allurar ba, ko inda na samo ta, don in aka ji aikina ya tafi, kuma ɗauri ne. Ta rantse. Ni kuma na yi wa kaina alkawarin sau ɗaya zan yi, ko biyu.

Allurar ta yi aikinta. Yaya ta buɗe ciki, ta cika, ta yi ƙarfi har tana sussuka ita kaɗai tana raha. Ku kun san mutanenmu: ƙiba ita ce lafiya, kuma wanda aka ba ƙwaya gani yake an raina ciwonsa, allura ita ce magani. Mata suka riƙa shigowa kallon Dije. Ba ta faɗi komai ba, amma kowa ya san ƙanenta a asibiti yake aiki. Nan da nan na zama Likita. Duk ƙarshen mako sai in hau mota zuwa Kankiya, in ɗauki keken da na ajiye wurin wani mai faci, in bi ƙauyuka. A zaure nake aiki, ko bayan rumfunan kasuwa. Tsofaffi, 'yan dambe, masu sabon aure, duk na soka masu. In allurar mai ta yanke mani sai in zuƙi dafaffen ruwa in soka, su yi godiya su kawo kaza. Na sayi agogo, na ɗinka farar riga mai aljihu a ƙirji irin ta malaman asibiti.

Yaya ita ce shaidata. Duk wanda ya yi shakka sai in ce ya je ya ga Dije. Don haka ban so ta sake ramewa ko kaɗan, na ci gaba da yi mata duk zuwa, har na riƙa haɗa kwalba biyu a sirinji guda.

Wata rana ta ce mani, “Auta, maƙogwarona ya shaƙe. Jiya na je kai amarya, na ɗauko guɗa sai ta karye mani a tsakiya, yara suka yi dariya.”

Maganar Malam Ilu ta faɗo mani a take, kalma bayan kalma. A nan ne ya kamata in tsaya. Amma a zaure akwai mutane zaune suna jirana, kuma in na ce allurata ce ta jawo, kafin la'asar labari ya kai Bauranya. Na ce mata mura ce, ta sha citta da zuma. Na kuma yi mata wata allurar a ranar, wai don ta kori murar.

Kafin zafi ya shigo muryar ta gama sauka. In ta yi magana daga cikin ɗaki sai baƙo ya ɗauka maigidan ne. Al'adarta ta ɗauke, aka yi murna ana zaton ciki ne, shiru. Ƙuraje suka feso mata a fuska. Sai gashi, baƙi mai kauri, a haɓa da saman leɓe. Tana tsigewa da safe, ya dawo. Ta fara rufe baki da gefen mayafi. Aka daina zuwa ɗaukarta biki. A lokacin na daina yi mata allurar, na ce mata magani ya ƙare, amma aikin gama ya gama.

A ƙauye ba a ganin mace da gemu a yi shiru. Aka fara da raɗe-raɗi a bakin rijiya. Wasu suka ce aljani namiji ne ya shige ta. Wasu suka ce a'a, ku dubi yadda ta tashi daga ƙashi da rai ta yi wannan ƙiba cikin ɗan lokaci, mi take ci? Kalmar da ake tsoro ta fito: mayya. Matan da ta yi wa guɗa ran aurensu suka riƙa janye 'ya'yansu in ta wuce.

Cikin tsananin zafin shekarar wata yarinya ɗiyar maƙwabtansu ta kwanta. Wuyanta ya sanƙare, jiki kamar wuta, tana sambatu. Na ga irin wannan da yawa a asibiti, sanƙarau ne, kuma akwai maganin da ake ba su, wasu su tashi. Cikin sambatun yarinyar ta kira sunan Dije. Ba abin mamaki ba ne, kullum tana gidan, Yaya ke yi mata kitso. Amma uwar yarinyar ta fito tsakar gida ta ɗora hannu a ka, ta ce Dije ta kama kurwar ɗiyarta.

A ranar na iso garin. Na ishe taro a ƙofar gidan, an fito da yarinyar a tabarma, an jawo Yaya daga ita sai zane ɗaurin ƙirji, an fizge mayafin, rana tsaka, kowa na kallon haɓarta. Ana cewa sai ta tsallake yarinyar ta sakar mata kurwa. Liman ya ce wannan ba hujja ba ce a shari'a, a ji tsoron Allah, amma muryarsa ba ta kai ko'ina ba. Tanimu yana tsaye gefe kamar an dasa shi. Sai mai unguwa ya hango ni riƙe da keke da farar rigata.

Ya ce, “Yawwa, ga Likita. Kai ka san aikin asibiti, kuma 'yar'uwarka ce. Tsakaninka da Allah, akwai ciwon da ke sa mace ta yi gemu da muryar maza?”

Yaya ta ɗago ta dube ni. Ba ta roƙe ni da baki ba, kallona kawai ta yi. Sirinjin yana cikin jakar da ke rataye a keken, da kwalaben allurar mai. Da na buɗe jakar nan na ce ga abin da ya yi mata haka, ni na yi, kuma yarinyar nan sanƙarau ne a kai ta asibiti yanzu, da ban san iyakar abin da zai tsira ba. Amma na hango 'yan doka, na hango ankwa, na hango mutanen da na soka wa ruwan banza.

Na ce, “Ni dai ban taɓa ganin irinsa a asibiti ba.”

Yaya ta sunkuyar da kai ta tsallake yarinyar. Aka yi sowa, wai ta amsa laifinta. Yarinyar ba ta kai washegari da yamma ba. Ni kuwa tun a ranar na hau kekena na koma Kankiya, ko ruwan gidan ban sha ba.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji shi. An daina sayen ƙuli-ƙulin da take sayarwa, an daina ba ta wuta in tata ta mutu. Yara na jifar ƙofarta. Tanimu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma danginsa suka tsaya mashi a wuya, har ya sallame ta yana hawaye. Ta koma kangon gidan ubanmu a bakin gari, ita kaɗai. Duk wannan ba ta karya rantsuwarta ba. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ba ta faɗa ba.

Na daina zuwa Ƙofa. Ita ta biyo ni. Wata safiya ina shara a farfajiyar asibiti sai na ji ana tambayar mai gadi ina Auta. Murya ce ta ƙato, amma mai maganar mace ce a lulluɓe. Malam Ilu yana wucewa, ya tsaya cak. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce ta biyo shi. Ta zo ne wai in taimaka mata da maganin da zai kashe gashin.

Ya tambaye ta, “Baiwar Allah, wa ya yi maki allura?”

Ta ce, “Ba wanda ya yi mani.”

Ya sake tambaya, ta sake musantawa. Sai ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta shiga da ita ta duba. Man nan in an yawaita shi wuri guda yakan dunƙule a tsoka, kuma ni ban iya canza wuri ba. Aka ishe ƙulluttai a jikinta kamar an binne goriba. Kafin azahar an buɗe ɗakin da nake haya, an fito da sirinji da kwalabe, har da tarin fasassun da nake yaudara da su. Malam Ilu bai zage ni ba, shi da ke zagin kowa. Cewa kawai ya yi, “Ashe da nake gaya maka, karatu nake ba ɓarawo.”

Likita Bature ya duba Yaya, ya sa aka gaya mata gaskiya: al'ada za ta iya dawowa, gashi zai iya raguwa, murya kuwa kada ta sa rai. A gaban alƙali aka kira ta shaida, ta ce ita ba ta da ƙara a kan ƙanenta. Bai hana komai ba. Kayan sata sun isa shaida, ga kuma wani tsoho daga Tafashiya da na kumbura, ɗansa ya zo ya yi bayani. Aka yanke mani ɗauri mai tsawo, da aiki.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Na ɗauki bokitin bahaya a kai na ratsa gari da shi, mai tsaro na bina da kulki, mutanen da suka san ni da farar riga suna toshe hanci. Na kwana da ƙwarƙwata da kuɗin cizo. Na ci tuwon da ko akuya sai ta yi shawara. Fursunoni suka ji tarihina suka ci gaba da kirana Likita, don ba'a. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne amsar da na ba mai unguwa. Wani tsohon malami da aka ɗaure kan rikicin gona shi ya koya mani sallah da kyau, ya ce mani Allah na yafe nasa, amma hakkin mutum sai mutumin ya yafe, kuma sai ka faɗa mashi abin da ka yi dalla-dalla, ba a dunƙule ba.

Ko da aka sake ni, Turawa sun riga sun miƙa mulki. Ban tsaya ko'ina ba sai Ƙofa. Na iso kangon gidanmu da hantsi, na yi sallama a bakin zaure. Wani namiji ya amsa daga ciki. Na ja da baya, na ce a raina ashe ta yi aure, ko an sayar da gidan. Sai ga ta ta fito da tsintsiya a hannu. Ita ce ta amsa. Na san haka muryar ta koma, amma a gidan yari duk ran da na yi mafarkinta da tsohuwar muryarta take magana.

Ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwa da fura. Ta tsufa fiye da shekarunta. Na durƙusa na ce ina da magana. Na gaya mata cewa tun kafin in soka mata allurar farko an faɗa mani abin da take yi wa mata. Na gaya mata ran da ta ce maƙogwaronta ya shaƙe na san ba mura ba ce.

Can ta ce, “Auta, da ka yi shiru da ya fi mani. Duk shekarun nan abin da nake gaya wa kaina shi ne yaro ne, bai sani ba, so ya yi in warke. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Yau shi ma ka karɓe.”

Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ita ba ta yi ba. Ta ce ta yafe, don ba ta so a tsayar da ɗan uwarta ranar lahira saboda ita, amma in ba ta lokaci kafin ta iya kallon fuskata.

Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban jama'a na faɗi komai, da bakina, har da maganar yarinyar da ta rasu da sanƙarau ina tsaye ina kallo. Uban yarinyar ya tashi ya fita, bai sake yi mani magana ba har ya mutu, kuma yana da gaskiya. Wasu suka je suka ba Yaya haƙuri. Wasu suka ce ai dole ɗan'uwa ya rufa wa 'yar'uwarsa asiri. Har ta koma ga Allah akwai gidajen da ba a barin yara su karɓi abu daga hannunta. Na zauna tare da ita, na noma gonar ubanmu, ban sake taɓa sirinji ba, ban sake ɗaukar ko tsinken wani ba.

To samari, ga abin da zan ce maku. Kada ku raina ƙaramar sata, ni da kwalbar da za a zubar na fara. In an amince maku da maɓalli ko kwali ko tukunya, ku bar su yadda aka ba ku. Magani kuwa ba kayan talla ba ne. Allurar nan ba muguwa ba ce, na ga ta tayar da mutum a hannun wanda ya san aikinsa, ya san wa za a yi wa, ya san inda za a tsaya. Ni na ji rabin karatu na ɗauka na zama likita, rabin da ya hana ni ciniki kuwa na toshe kunne. Yanzu ina jin ana cewa samari na neman irinta don su yi ƙwanji, 'yan mata don su yi ƙiba, a hannun masu jaka irin tawa ta da. Ku guje su, ko da 'yan'uwanku ne. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, aka tambaye ku a lokacin da gaskiya za ta ceci wani, ku faɗe ta a lokacin. Ni na faɗi tawa bayan ba ta da sauran amfani.

Daga baya na yi aure, Allah ya ba ni ɗiya, na sa mata sunan Yaya. Ran da aka haife ta ina zaure, na hango Yaya ta fito daga ɗakin mai jego fuskarta cike da murna. Ta manta. Ta kai yatsu biyu ta kama hanci, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Sai ta tuna. Ta sauke hannun a hankali, ta goge shi a zane, ta juya ta ce wa wata yarinya ta ruga maƙwabta ta kira wadda za ta yi mana guɗa.